Ƙofar da Na-Iya Ya Yanka

A layinmu in ka ce mijin Auta, wasu sai sun tsaya tunani, amma in ka ce Na-Iya, kowa zai nuna maka gidan da baki. Sunan kuwa shi ya saya wa kansa. Famfo ya lalace, na iya. Mota ta ƙi tashi, na iya. Ranar da haƙori ya dami Mai Walda, kafin bawan Allah ya gama bayani Na-Iya ya fara naɗe hannun riga, sai da aka rirriƙe shi. Ainihin sana'arsa saka wa mutane manhaja ne a waya, a wani ɗan teburi bakin titi, amma tun da ya yi wani kwas na kwamfuta ya hana kowa sakat, shi dai a ce masa Injiniya. Mukan ce masa a gaban idonsa, tunda ba abin da zai rage mu da shi. Wanda ya ƙi ƙememe shi ne surukinsa Baba Kafinta, wanda kullum mijin Auta yake ce masa. Abin nan yana cin Na-Iya ƙwarai.

Shagon Baba ne mafi girma a layin. Da hannunsa ya fara rawa, zarto ya daina bin layi, sai babbar 'yarsa, wadda duk muke ce wa Yaya, ta kawo masa injin yankan katako mai aiki da kwamfuta. Ita kam ta yi karatun abin da gaske, kuma bakinta ya fi zarton kaifi. Ita ta rubuta manhajar da ke tuƙa injin, Baba ya faɗi awo, ita ta danna, inji ya yanka.

Sai dai shagon da ke yi wa mutane ƙofofi shi kansa ba shi da ƙofar kirki, wani tsohon kwano ne ake jinginawa a tare da dutse. A can cikin lungu kuma akwai wani ƙaton katakon maɗaci, falle ɗaya, mai kauri, wanda Baba ya saya tun matarsa tana da rai, da niyyar shi ne zai zama ƙofar shagon. Ita ta zaɓe shi. Aikin mutane ya yi ta cinye lokaci har Allah ya yi mata rasuwa ba a yanka ba. Baba yakan goge shi da mai, ya tsaya yana kallonsa, kuma ko jingina da shi ba ya bari a yi. Wata rana da yamma, muna zaune a bakin shagon, ya ce ya gaji, wanda duk ya fitar masa da ƙofa daga katakon nan, makullinta nasa ne. Kowa ya san makullin shago yake nufi, da shagon gaba ɗaya, kuma kowa ya san Yaya yake nufi. Na-Iya ne kawai ya koma gida yana lissafin inda zai kafa allon sunansa.

Ana haka Yaya ta tafi wani kwas a wani gari mai nisa. Ba ta daɗe da tafiya ba tsohuwar kwamfutar shagon ta yi wani irin tari ta mutu. Aka sayo sabuwa. Yaya ta ce ta waya a bar ta a kwalinta, in ta dawo aikin ba zai kai shan shayi ba. Na-Iya yana wurin. Ya ce ai abin kunya ne a ce gida da injiniya sukutum ana jiran mace ta dawo daga tafiya, ya ɗauki kwalin ya farke.

Yadda Yaya ta yi mana bayani daga baya, manhajar ma'aikata uku ce. Akwai Mai Awo, akwai Mai Yanka, akwai Mai Huda. Masu sana'ar suna ce musu laburare, ko da yake babu littafi ko ɗaya a ciki. An rubuta su da yaren da inji ke ji kai tsaye, mai sauri amma mai wuyar sha'ani, don haka Yaya ta naɗe kowanne da riga, yadda za a iya kiransa da wani yare mai sauƙi a ce masa yi kaza. Dukkansu ukun kuma sun dogara da laburare ɗaya da ta sa wa suna Uwa. Uwa ce ke riƙe da linzamin injin, ita ce ta san kamannin zane, ita ce kuma ke tuna da wane ma'auni ake aiki. In an bar ta da halinta santimita take ji, amma da yake Baba bai san komai ba sai inci, da an kunna manhajar ake raɗa wa Uwa cewa inci ne, su ukun su ji daga bakinta.

Na-Iya ya kwashe fayilolin Yaya daga inda ta adana su ya zuba a sabuwar kwamfuta, ya gyara zama, ya danna. Sai ga jan rubutu: Mai Yanka ya ce bai ga Uwa ba. Na-Iya ya duba, ga Uwa nan zaune a foldarta. Ya kwafe ta ya ajiye kusa da Mai Yanka. Bai gan ta ba. Ya ajiye ta a fuskar kwamfutar, ya ajiye ta cikin hotuna, ya ajiye ta cikin waƙoƙi, ya canza mata suna da manyan baƙaƙe ko ƙila idon Mai Yanka ne ba shi da kyau. Tela, wadda shagonta ke kallon na Baba, ta ce tun daga kan kekenta take jin sa yana cewa ga ta nan a gabanka, makaho kawai. Ta leƙo ta tambaya da wa ake faɗa, ya ce mata harkar fasaha ce, ta koma kan ɗinkinta.

Da abin ya ishe shi ya kira Yaya, ba don ya yi tambaya ba, a cewarsa, sai don ya sanar da ita cewa ya gano kuskure a aikinta. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce babu kuskure. Uwa wuri ɗaya ake ajiye ta, a nuna wa kwamfuta hanyar wurin, a kuma tashe ta kafin a tashi 'ya'yan. Shi ke nan. In bai san yadda ake nuna hanyar ba ya rufe kwamfutar ya je ya ci abinci.

"Yaya, wannan ai tsohon yayi ne," in ji shi. "Ƙarti uku sun rataya a wuyan uwa ɗaya? In ta ɓace gida ya tsaya? Ni kowa zan ba shi tasa, ya ci gashin kansa."

"Mijin Auta, in ka tara Uwa uku a manhaja ɗaya, za ka ga abin da ba ka taɓa gani ba."

"Abin da nake so ke nan," ya ce, ya kashe wayar.

Daga nan babban shiri ya tashi. Na-Iya ya rufe teburinsa na bakin titi, ya tare a shagon Baba da wayarsa, yana kallon bidiyon masu koyarwa yana kwafe abin da suka rubuta. Dabararsa ita ce ya ɗinke Uwa a cikin cikin kowane ma'aikaci, yadda ba wanda zai sake neman ta a waje. Ya bayyana wa Mai Walda wannan da zane a ƙasa, ya ce nan gaba jami'o'i za su riƙa koyar da shi da sunansa. Mai Walda ya ce shi dai in zai haɗa ƙarfe uku wuri ɗaya yake ɗaure su, amma shi ba injiniya ba ne. Na-Iya ya ce ya ji daɗi da ya faɗa da bakinsa.

Ɗinkin bai zo da sauƙi ba. Mai Awo ya karɓi Uwarsa salin-alin. Mai Yanka ya yi ta aman jan rubutu har Na-Iya ya sake tono ajiyar Yaya ya samo wata Uwar ta bara, ya cusa masa, ya yi shiru. Mai Huda ya ƙi ta bana, ya ƙi ta bara. Na-Iya ya ci gaba da tono har ƙasan ajiya, ya zaƙulo wata tsohuwar Uwa tun ta lokacin da Yaya ke koyon aikin, wadda ba ta san inci ba, ba ta san santimita ba, milimita kawai take ji. Ita Mai Huda ya karɓa. Na-Iya bai tsaya tambayar dalilin da ya sa aka jefar da ita can ƙasa ba, shi dai jan rubutu ya ɓace.

Ranar da manhajar ta tashi ba tare da ƙorafi ba, duk layin sai da ya sani. Ya kira mu mu gani. Yana dannawa kan injin ya zarce lungu ya buga ƙwas, ya dawo, ya sake komawa ya buga, ya kuma komawa ya buga na uku, saboda kowace Uwa tana ganin ita ce mai gidan, sai ta gwada linzami da kanta. Baba ya ce da sau ɗaya yake bugawa. Na-Iya ya ce da ɗin ai bai da tarbiyya, yanzu gaisuwa yake yi, ɗaya ta Baba, ɗaya ta baƙi, ɗaya ta injiniya. Tela ta ce in dai haka ne injin ya fi wasu mutanen ladabi.

Murnar ba ta yi nisa ba. Mai Awo ya zana teburi ya miƙa wa Mai Yanka, sai Mai Yanka ya dawo da shi, ya ce wannan zanen ba daga hannun Uwarsa ya fito ba, bai san shi ba. Mai Huda ma haka ya ce. Daga baya Yaya ta ce mana wannan ƙorafin shi ne mai gadi na ƙarshe da ya rage a gidan, wanda ya ji shi ya kamata ya tsaya ya yi wa kansa faɗa. Na-Iya kuwa ya ɗauke shi rashin kunya. Ya yi wa allon kwamfutar tsawa, ya ce zane ai zane ne, wa ya tambaye ka asalinsa. Da tsawa ba ta yi ba sai ya samo wata dabarar a wani bidiyon: ya daina miƙa zanen, ya tuɓe shi, ya riƙa miƙa musu lambobi tsirara. Tamanin, talatin da biyu, arba'in. Ba wanda ya sake cewa uffan.

Auta ce ta fara shan jinin jikinta. Ta san mijinta, ta kuma san abin da katakon nan yake a wurin mahaifinta. Da ta kawo masa abincin rana ta ce don Allah ya gwada a kan guntun falanki kafin ya kusanci maɗacin. Ya ce gwaji na masu shakka ne. Ta ce to ita tana shakka, ya gwada saboda ita. Ya yi tsaki ya ɗora wani guntu, ya ce wa injin ya yanka saman teburi mai zagaye. Injin ya yi gaisuwarsa uku, ya yi ƙugi, ya fitar da wani ɗan faifai da bai fi murfin tukunya ba.

Auta ta ɗaga shi tana juyawa. "Injiniya, wannan teburin na wa ne?"

"Ke ba ki san basirar inji ba. Ya ga katakon ƙarami ne, ya tausaya masa. In an ba shi babba, babba zai yanka."

Mai Walda ya karɓi faifan ya ce zai rufe tulun ruwansa da shi. Tela ta ce tunda ana rabon kaya a yanka mata katakon jera zare, tsawon hannu. Abin da ya fito sai da ta sa tabarau ta dube shi, ga wasu ƙananan huda cunkushe a gefe guda. Ta ce to, zai yi mata maganin ƙafar kekenta da ke rawa. Na-Iya ya ce mu lura, a yini ɗaya ya biya wa mutum biyu buƙata.

Sai labari ya zo cewa Yaya tana hanya, gobe da rana za ta iso. Na-Iya ya lissafa ya ga in ta riga shi taɓa katakon nan, makulli ya wuce shi har abada. Ya sami Baba ya durƙusa ya ce komai ya kammala, a ba shi izini ya yanka ƙofar da safe. Baba ya dubi lungun da katakon yake, ya tambaya ko yayarsu ta san da maganar.

"Ta sani, Baba. Da bakinta ta ce za a ga abin da ba a taɓa gani ba."

Ban san me ya sa Baba ya yarda ba. Ina jin tsufa ne, da gajiyar jira, da kuma tausayin 'yarsa Auta, don ba uban da ke son a riƙa yi wa mijin 'yarsa dariya a layi. Ya ce to, Allah ya sa a dace. Auta da ta ji, ta kira Yaya, wayar ba ta shiga ba, tana cikin mota a hanya.

Da safe Na-Iya ya aro kujeru ya jera har bakin titi. Ya sa riga mai dogon hannu da wata hular kwano ta magina da ba wanda ya san inda ya samo ta. Ya rubuta sunansa da Injiniya a gaba a jikin wani kwali, ya rasa inda zai rataya, sai ya rataya a kan jan maɓallin nan na jikin injin, wanda ake bugawa in abu ya ɓaci. Ƙarti huɗu suka ɗauko maɗacin, Baba yana biye da su yana cewa a hankali, a hankali. Da aka kwantar da shi a gadon injin sai da ya sa gefen rigarsa ya share ƙurar da ba ta nan.

Na-Iya ya yi jawabi. Ya ce zamanin dogaro ya wuce, ya 'yanta ma'aikata uku daga ƙangin uwa ɗaya, kuma abin da wasu suka je wani gari koyo shi a nan zaune ya wuce shi. Ya ce saboda darajar katakon ya umarci injin ya fitar da ƙofar daga tsakiyarsa, inda ya fi kyau. Sannan ya juya ya ce Baba ya faɗi awo. Baba ya ce tsawo inci tamanin, faɗi talatin da biyu, kafar makulli a arba'in daga ƙasa. Na-Iya ya shigar da lambobin da yatsa ɗaya, yana ɗaga hannu sama bayan kowace lamba don na baya su gani. Allon ya nuna ƙofa kyakkyawa, tsawonta inci tamanin cif, domin Mai Awo da Uwarsa sun ji raɗar inci. Sauran biyun ba wanda ya gaya musu.

Mai Huda ne ya fara. Ya gangara tsakiyar katakon ya huda kafar makulli, ya ɗan matsa kaɗan ya huda na hinji, ya ɗan matsa ya sake hudawa, duka a wurin da tafin hannu zai rufe. Baba ya miƙe daga kujerarsa. Na-Iya ya ce a kwantar da hankali, alama yake sawa. Sai Mai Yanka ya sauke bakinsa ya kama tafiya, garin katako yana tashi ja wur, ƙamshin maɗaci ya cika shagon. Ya yi tafiyar da ba ta kai tsawon sandar tsoho ba, sai ya karya kwana.

"Mijin Auta, tsayar da shi," in ji Baba. Bai ɗaga murya ba.

Na-Iya ya danna tsayawa. Allon ya rubuta da koren rubutu cewa an tsaya. Injin ya ci gaba da yanka. Umarnin ya tafi wurin Uwar Mai Awo, ita kuwa ta tsayar da abin da ke hannunta, wato babu, linzamin yana hannun wata. Na-Iya ya sake dannawa, ya nuna mana allon ya ce mu karanta da kanmu, ya tsaya, ƙarar da muke ji ragowa ce. Injin ya karya kwana ta biyu. Baba ya nufi jan maɓalli ya tarar da kwali, ya tsaya yana laluben igiyar kwalin da hannunsa mai rawa. Mai Walda ya yi tsalle zai kai ga soket ɗin bango, kujerun aro suka tare shi, ya faɗa kan Tela, Tela ta faɗa kan mai sayar da lemon da ya shigo kallo, lemo ya watse a ƙasa. Auta ce ta bi ta ƙarƙashin teburi ta fizge wayar wutar. Kafin ƙugin ya mutu bakin injin ya riga ya koma inda ya faro.

Na-Iya ya cire hular kwano, ya mayar, ya matsa ya sa yatsa ya tura tsakiyar katakon. Wata 'yar ƙofa ta ɓalle ta zauna. Da ya ɗaga ta ya tsayar a ƙasa, ko ƙugunsa ba ta kai ba, faɗinta kuwa kamar na faranti. Kafar makullin tana can ƙasa, yatsa biyu daga daɓe, hudar hinji duk sun taru kusa da ita. Wani daga baya ya yi ƙoƙarin danne dariya ta fito masa ta hanci, daga nan kuma ba wanda ya iya riƙewa.

A daidai nan Yaya ta shigo da jakarta a kafaɗa, ƙurar hanya a ƙafarta. Ta dubi ƙofar, ta dubi ramin da ke tsakiyar maɗacin, ta dubi mahaifinta. Ba ta gaisa da kowa ba ta wuce wurin kwamfutar, ta ɗan dudduba, ta juyo.

"Uwa nawa ka sa?"

"Uku. Kuma Yaya ki duba da kyau, lambar daidai take. Tamanin aka ce, tamanin ya yanka."

"Tamanin ɗin me?"

Ba ta jira amsarsa ba. Ta ce Mai Awo ya auna da inci, Mai Yanka ya yanka da santimita, Mai Huda ya huda da milimita, kowa ya yi wa Uwarsa biyayya, ba wanda ya yi laifi a cikinsu. Ta tambaye shi ko ba su yi masa ƙorafin cewa ba su san zanen juna ba. Ya ce sun yi, ya yi maganinsu. Ta ce ta ga maganin. Ya ce amma dai ta yarda manhajar ta tashi ba tare da neman Uwa ba, wanda nata tsarin bai iya ba. Auta ta ce masa don girman Allah ya yi shiru.

Dariyar ta mutu ne da muka lura da Baba. Ya durƙusa a gaban babban katakon yana shafa bakin ramin da tafin hannunsa, a hankali, yana bin inda injin ya bi. Wallahi sai da na ji kunyar dariyar da na yi. Ya daɗe a haka, sannan ya ɗauki 'yar ƙofar ya juya ta, ya duba gefenta da ido ɗaya irin na kafintoci, ya ce yankan dai ya yi kyau, ba gargada. Ya sa ta a hammata ya shige ciki. Na-Iya ya tsaya da hularsa a hannu, har ya ba ni tausayi. Mutane suka kwashe kujerunsu, mai lemo yana tsintar kayansa.

Yaya ta cire Uwayen nan uku, ta ajiye ɗaya a inda ya kamata, ta nuna wa kwamfuta hanya, injin ya koma gaisuwa ɗaya. Ita da Baba suka kwana biyu suna shawara a kan abin da ya rage. Ƙarshe ta daidaita gefunan babban katakon, Baba ya yi wa ramin baki da hannunsa duk da rawar da yake yi, aka sa gilashi. Ƙofa ta tsaya. Ta yi kyau, ba ƙarya, amma ba ita ce wadda shi da marigayiya suka so ba, kuma ya faɗa sau ɗaya bai sake ba.

Ranar da aka rataya ta Baba ya tara mu. Ya miƙa wa Yaya makullin, ta karɓa da hannu biyu. Na-Iya yana can baya yana ƙoƙarin zamewa, sai Baba ya kira shi. Ashe 'yar ƙofar nan ya goge ta, ya shafa mata mai, ya sa mata hinji da kuba, ya kafa ta a akwatin da garin katako ke taruwa a ƙarƙashin injin. Ya zaro wani ɗan makulli daga aljihu.

"Na ce wanda ya fitar min da ƙofa daga katakon nan makullinta nasa ne. Ƙofa biyu ta fito. Ga naka, Injiniya. Kullum da safe a kwashe garin."

Yanzu in ka bi ta layinmu da safe, ka leƙa ta gilashin nan na tsakiyar ƙofar Baba, za ka ga mutum da riga mai dogon hannu, gwiwa biyu a ƙasa, kunci kusa da daɓe, yana laluben kafar makulli. Jiya wani baƙo ya tsaya yana yaba ƙofar, ya ce bai taɓa ganin ƙofar maɗaci da taga mai kyau haka ba, ya tambaya wa ya yi tunanin. Daga can ƙarƙashin injin muka ji muryar Na-Iya, garin katako a gemunsa, yana cewa a gaya wa baƙon ya ɗan jira, mai zanen yana zuwa.